Rangwamen kasuwannin intanet: Yadda mai saye a Gwarzo da Kabo zai bambance ragin gaskiya da na talla

Tun daga watan Nuwambar 2024, lokacin da kasuwar intanet ta Temu ta fara kawo kaya Najeriya, da wuya matashi ya buɗe Facebook ko TikTok ko YouTube bai ci karo da tallar agogo ko takalmi ko fitilar sola da aka ce an zaftare wa farashi kashi 70 ko 90 cikin 100 ba. Tallar ba ta bambance birni da ƙauye. Yadda take bayyana a wayar mazaunin Nassarawa a birnin Kano, haka take bayyana a wayar ɗalibi a Kabo da ta tela a Getso.

Ta kuma zo a lokacin da aljihu ya yi rauni. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki darajar naira a watan Yunin shekarar, dalar da a hukumance ake canzarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. A irin wannan yanayi, duk wanda aka ce zai sayi kayan naira dubu ashirin a dubu biyar dole ya tsaya ya saurara.

Ragi na gaskiya yana samuwa a waɗannan kasuwanni, amma ba da farashin da aka ja wa layi a manhaja ake auna shi ba. Ga mutumin Gwarzo ko Kabo, ma'auninsa shi ne abin da zai biya idan ya sayi kayan a garinsu ko a kasuwannin Kano, a gefe guda kuma jimillar abin da zai kashe kafin ƙunshin intanet ya iso hannunsa. Wannan bayani ya yi duba ne kan yadda ake yin wannan lissafi.

Su wane ne masu kasuwannin?

Kasuwannin sun kasu gida uku, kuma kowane gida da irin rangwamensa da irin haɗarinsa.

Na farko su ne na cikin gida. An kafa Jumia a Legas a 2012, ta kuma shiga kasuwar hannayen jari ta New York a 2019. A 2012 ɗin ne Sim Shagaya ya kafa Konga, wadda kamfanin Zinox ya saya a 2018. Mafi yawan kayan da ke kansu na 'yan kasuwa ne da suka riga suka shigo da su Najeriya, saboda haka farashinsu ya ƙunshi harajin shigowa da ribar mai shigowa, amma kayan kan iso cikin kwanaki.

Na biyu su ne masu aiko kaya kai tsaye daga China. AliExpress na kamfanin Alibaba ne, an buɗe shi a 2010. Temu kuma ta kamfanin PDD Holdings ce, mai kasuwar Pinduoduo da Colin Huang ya kafa a 2015, kuma a Amurka ta fara aiki a watan Satumbar 2022. Shein ta fi ƙarfi a tufafi. Waɗannan su ne suka fi yawan tallar rangwame, kayansu kuma kan ɗauki mako biyu ko fiye kafin su iso.

Na uku su ne dandalin haɗa mai saye da mai sayarwa, irin Jiji da aka kafa a 2014, da shagunan da ke kan Facebook da Instagram da WhatsApp. A nan babu kamfanin da ke riƙe kuɗi har sai kaya ya iso. Ciniki tsakanin mutum biyu ne, kuma idan an cuci ɗaya, neman haƙƙi ya fi wuya.

Daga ina arahar take fitowa?

Kayan China ba baƙo ba ne a Kano. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari da Farm Centre sun daɗe suna zuwa Guangzhou da Yiwu suna saro kaya. Abin da ke isa shago a Gwarzo yakan bi hannu huɗu ko biyar: masana'anta, mai shigowa da kwantena, babban dila a Kano, mai shago, wani lokaci har da dillali. Kowane hannu yana ɗora ribarsa, ga kuɗin fito a tashar jiragen ruwa, ga kuɗin mota daga Legas, ga hayar shago.

Temu da AliExpress suna tsallake mafi yawan waɗannan hannaye. Wannan shi ne tushe na farko na arahar, kuma na gaskiya ne. Tushe na biyu shi ne kuɗin da kamfani ke zubawa don jawo sababbin masu saye: yana yarda ya yi asara a cinikin farko, da fatan mutum zai saba ya dawo. Shi ma ragi ne na gaskiya, sai dai sau ɗaya ake cin moriyarsa. Tushe na uku shi ne ingancin kayan. Yadin da ya fi sirantaka, batirin da bai kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ba, takalmin da ba zai ga ƙarshen damina ba, duk suna da araha don ƙaramin kaya ne. Wannan ba ragi ba ne, kuɗin kayan ke nan.

Ire-iren rangwamen da sharuɗɗansu

Takardar rangwame tsohuwar dabara ce. Ana danganta farkonta da kamfanin Coca-Cola a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ya riƙa raba takardun shan kofi ɗaya kyauta. A yau takardar ta koma lamba ko maɓalli a cikin manhaja. Waɗanda aka fi gani su ne:

Rangwamen sabon mai saye. Shi ne mafi tsoka, kuma yawanci sau ɗaya ake bai wa kowace waya ko kowane asusu. Wanda ya ƙona shi a kan zoben naira dubu biyu ya yi asarar damar da zai iya amfani da ita a kan abin da yake buƙata da gaske.

Lamba mai sharaɗi. Ana rage wani adadi ne idan sayayya ta kai wani adadi. Manufarta ita ce mai saye ya ƙara kaya a kwandonsa don ya kai iyakar.

Ƙunshin rangwame. Manhaja kan sanar da mutum cewa ya samu rangwamen kuɗi mai yawa, amma idan ya buɗe sai ya tarar an yanka shi gida-gida, kowane yanki da mafi ƙarancin sayayyar da za a yi kafin ya yi aiki, da ranar da zai mutu. Kafin a cinye ƙunshin gaba ɗaya, sai an kashe ninkin-ba-ninkinsa.

Ragin ɗan lokaci. Agogo na ƙirga mintuna a saman shafi, ko a rubuta cewa saura guda uku. Amfaninsa ga mai sayarwa shi ne hana mai saye tsayawa ya kwatanta farashi.

Kyautar gayyato abokai da wasanni. Ana juya wata ƙafa mai kama da ta caca, ko a ce mutum ya tura wa abokansa saƙon gayyata don ya samu kaya kyauta. Yawanci matakin farko yana da sauƙi, na ƙarshe kuma ya yi ta nisa.

Kuɗin cikin manhaja. Maki ko sulalla ko kuɗin da aka ce an mayar, waɗanda ba a iya cire su zuwa banki, sai dai a sake sayayya da su.

Kai kaya kyauta. Shi ma yakan zo da mafi ƙarancin sayayya, kuma iyakarsa inda kamfanin isar da saƙo yake kaiwa.

Akwai kuma lokutan da ragin ke yawaita. Ranar 11 ga Nuwamba, wadda Alibaba ya mayar ranar ciniki tun 2009, ita ce babbar ranar AliExpress. Jumia na yin Black Friday a watan Nuwamba, Konga kuma tana kiran nata Yakata.

Ƙananan dabaru biyu na lissafi sun cancanci a lura da su. Kalmar "har zuwa" da ke gaban kashi 90 tana nufin ko kaya ɗaya tak aka rage wa haka, tallar ba ta yi ƙarya ba. Sannan ragin kashi 50 da aka ɗora wa wani kashi 20 ba ya zama 70. Kayan naira 10,000 zai koma 5,000, sannan 4,000, watau kashi 60.

Farashin da aka soke: wa ya taɓa biyan sa?

A kasuwar Getso ko ta Gwarzo, ciniki yana da tsari da kowa ya sani. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama; idan awo ne a yi gyara. Mai saye ya san kuɗin farko ba shi ne kuɗin kayan ba, kuma yana da rumfa ta gaba da zai je ya tambaya. A manhaja babu tayi. Mai kaya ne ke rubuta tsohon farashi, shi ne ke soke shi, shi ne ke rubuta sabon, shi ne kuma ke lissafa wa mai saye ribar da ya ci. Tambayar da ta rage ita ce ko an taɓa sayar da kayan a wancan tsohon farashin.

Hukumomin Turai sun bincika wannan tambaya. A watan Yulin 2025, hukumar yaƙi da maguɗin kasuwanci ta Faransa ta ci tarar Shein yuro miliyan 40. Binciken ya gano cewa kashi 57 cikin 100 na tallace-tallacen ragin da aka duba babu wani ragi a cikinsu, kashi 19 ragin bai kai abin da aka rubuta ba, kashi 11 kuma ƙarin farashi ne aka kira shi ragi. Kafin nan, a watan Nuwambar 2024, Hukumar Tarayyar Turai da hukumomin kare masu saye na ƙasashenta sun sanar da Temu cewa sun samu wasu ayyukanta sun saɓa wa dokarsu. Cikin abubuwan da suka lissafa akwai rangwamen bogi, matsa wa mai saye da iƙirarin cewa kaya ya kusa ƙarewa, tilasta masa juya ƙafar sa'a, da ra'ayoyin masu saye da ake zargin ƙirƙirarsu aka yi.

Abin da ya bai wa Turai damar kama irin wannan shi ne ƙa'ida guda mai sauƙi da ta fara aiki a 2022: duk wanda ya yi shelar ragi, tilas farashin da zai nuna a matsayin na da ya zama mafi ƙarancin kuɗin da ya sayar da kayan a cikin kwanaki 30 da suka gabata. Mai saye a Kabo zai iya yi wa kansa wannan aiki. Ya sa kayan a kwando, ya ɗauki hoton farashin, ya bar shi mako biyu ko uku yana leƙawa. Idan agogon ya ƙare ya sake farawa, farashin kuma bai motsa ba, to wannan shi ne kuɗin kayan tun asali.

Lissafin Gwarzo da Kabo

Garin Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Rimin Gado ta wuce Dayi a Jihar Katsina. Kabo ta fi kusa da birni. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, sama da 150,000 a ta Kabo, kuma da yawansu a garuruwa da ƙauyuka irin su Kutama da Lakwaya da Garo da Gude suke, inda gida ba shi da lamba, ana kwatance ne da masallaci ko makaranta ko gidan mai unguwa.

Wannan tazara ita ce ke cinye rangwame. Kamfanonin isar da saƙo sun fi ƙarfi a cikin birni. Idan manhaja ba ta lissafa garin mutum cikin wuraren da take kaiwa ba, zaɓinsa uku ne: ya sa adireshin ɗan'uwa a Kano, ya shiga mota ya je ya karɓo da kansa, ko a ba direba a tasha ya kawo masa. Kowanne da kuɗinsa, kuma idan ƙunshin ya ɓace tsakanin birni da gida, kamfanin ya riga ya rubuta cewa ya miƙa kaya.

Ga misali, da alƙaluman da aka ɗauka don kwatance kawai. A ce manhaja ta nuna takalmi a naira 8,000, ta soke 25,000 a gefensa. A ido, an samu ragin 17,000. A ce irin takalmin ana sallama shi 11,000 a Sabon Gari, 12,000 a shagon Gwarzo. Ragin gaskiya ya dawo 4,000. A ce manhajar ba ta karɓar sayayyar da ba ta kai 20,000 ba. Sai mai saye ya ƙara kayan 12,000 da bai yi niyyar saye ba. A ce direba ya karɓi 1,500. Mutumin da ya fito da niyyar rage 17,000 ya kashe 21,500, alhali da ya taka zuwa shago 12,000 zai kashe, ya gwada takalmin a ƙafarsa, ya tafi da shi ranar.

Sai kuɗaɗen da ba a gani. Akwai datar da ake ƙonawa wajen yawo a manhaja, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Akwai harajin naira 50 a kan tura kuɗin da ya kai 10,000, da ladan mai POS ga wanda sai ya zuba tsabar kuɗi a asusu. Akwai kuma kuɗin mayar da kaya. Kamfani na iya ba da wa'adin mayarwa, Jumia yawanci kwana bakwai, Temu kuma ta fi haka tsawo, amma idan sai an kai ƙunshin birni, mutum zai auna ya ga kuɗin motar ya fi kuɗin rigar, ya haƙura. A aikace, mazaunin karkara yana da haƙƙin mayarwa a rubuce, amma amfani da shi ya fi masa tsada.

Inda ake samun ragi na gaske

Duk da haka akwai kayan da intanet ke doke kasuwa da tazara. Yawanci ƙanana ne marasa nauyi, waɗanda ba sa buƙatar gwaji, ko waɗanda ba a samun su a kusa: kayan gyaran waya, ƙananan kayan aikin lantarki, ƙafafun keken ɗinki na musamman, duwatsun ado da zare na masu ɗinki, kayan aikin masu kwalliya. Mai gyaran waya a Gwarzo da ya san lambar abin da yake nema zai iya samun sa a farashin da ko a Farm Centre ba zai samu ba, muddin zai iya jira.

Kayan da suka fi jawo nadama kuwa su ne tufafi da takalma, saboda awon China ya kan fi na nan ƙanƙanta, sai an duba santimita ba harafi ba. Da kayan wuta, domin Najeriya na amfani da lantarki mai ƙarfin volt 230 da soket mai ƙafa uku irin na Ingila, wasu kayan kuwa don Amurka aka ƙera su. Da katin ajiya da batiri masu arahar da ta wuce hankali. Man shafawa da magani da abin da za a ci, idan babu lambar NAFDAC a jikinsu, babu rangwamen da ya kai haɗarinsu. Waya da kayan sola masu tsada kuma garanti ne rabin darajarsu, kuma garantin da ke Guangzhou ba ya amfanar mai kaya a Kabo.

Hanya mafi inganci ta cin moriyar rangwame a irin waɗannan garuruwa ita ce haɗa kai, kamar yadda ake yi a adashi. Mutum biyar ko shida su haɗa buƙatunsu a sayayya ɗaya: za su kai mafi ƙarancin adadin ba tare da kowa ya sayi abin da ba ya so ba, lambar rangwame mai sharaɗi za ta yi aiki, kuɗin ɗaukowa daga Kano kuma a raba shi. Sharaɗin shi ne a rubuta abin da kowa ya bayar, a kuma amince tun farko kan wanda zai ɗauki asara idan kayan wani ya zo ba daidai ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A rubuta abin da ake buƙata kafin a buɗe manhaja. A tambayi farashinsa a kasuwa tukuna. A nemi kayan a manhaja biyu ko uku, domin sau da yawa masana'anta ɗaya ce, farashi daban. A karanta ra'ayoyin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, a duba hotunan da masu saye suka ɗauka da kansu, ba na mai talla ba. A dubi jimillar da ke shafin ƙarshe na biya, domin ita kaɗai ce farashi. Temu na da tsarin mayar da bambanci idan farashin kaya ya sauka cikin kwanaki 30 da saye, amma sai mai saye ya nema. Kayan sallah kuma a saye su da wata guda a gaba. Rigar da ta iso bayan an sauko daga idi ba ta da araha ko nawa aka saye ta.

Biyan kuɗi da kwastam

A 2022 yawancin bankunan Najeriya sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala, sai a watan Yulin 2025 wasu manya daga cikinsu suka dawo da shi. Idan farashi da dala aka rubuta, canjin da banki zai yi amfani da shi na iya bambanta da wanda manhaja ta nuna, don haka a duba abin da aka cire a asusu. Inda ake da zaɓin biya bayan kaya ya iso, kamar a wasu kayan Jumia, shi ya fi kwanciyar hankali ga sabon shiga.

A watan Satumbar 2025, Hukumar Kwastam ta fara aiki da tsarin yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, idan ta hanyar saƙon gaggawa ko jakar matafiyi suka shigo, har sau huɗu a shekara. Wannan sauƙi ne ga mai saye, kuma ya kamata ya san da shi idan wani ya nemi ya biya kuɗin fito a kan ɗan ƙaramin ƙunshi.

Sai dai Najeriya ta buɗe wannan ƙofa ne a shekarar da wasu ke rufe tasu. Amurka ta soke yafiyar da take yi wa ƙunshin da bai wuce dala 800 ba, ga kayan China a watan Mayun 2025, ga na sauran ƙasashe a watan Agusta. Afirka ta Kudu ta ƙara haraji a kan irin waɗannan ƙunshi a 2024 bayan koken masu masaƙu da 'yan kasuwarta. A Kano, ɗan Kantin Kwari da ya biya haraji a kan kwantena yana gogayya ne da ƙunshin da bai biya ba, kuma kuɗin da mai saye ya rage an cire shi ne daga cinikin mai shagon unguwarsu. Jihar da ta ga yadda masaƙunta na Sharada da Challawa da Bompai suka durƙushe a gaban kayan waje tana da dalilin bin wannan muhawara da idon basira.

Damfara da bayanan sirri

Duk inda aka saba da kyauta, ɗan damfara na kusa. Saƙonnin WhatsApp da ke cewa wani kamfani na rabon kyautar cika shekara, a danna a tura wa mutum ashirin, kusan kullum tarko ne. Lambar rangwame ta gaskiya a cikin manhajar ake shigar da ita, kuma ba a sayar da ita. Babu kamfanin da zai kira ya nemi lambar sirrin kati ko BVN ko lambar da banki ya turo ta saƙo don ya ba da kyauta. Haka kuma "aikin" da ake cewa mutum ya zuba kuɗi ya riƙa danna odar bogi ana ba shi la'ada, tsarinsa ɗaya da na MMM da ya rushe a 2016 da CBEX da ya rushe a watan Afrilun 2025: na farko su ci, na baya su biya.

Ko a manhajar gaskiya, kyauta tana da farashi. Wanda ya gayyato abokai goma ya yi wa kamfani tallar da da sai ya biya kuɗi, ya kuma buɗe masa hanya zuwa wayoyin mutum goma. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta bai wa ɗan Najeriya haƙƙin sanin abin da aka tattara a kansa da neman a goge shi, kuma hukumar NDPC ce ke kula da ita. Manhajar sayayya ba ta buƙatar izinin shiga lambobin da ke cikin waya. Ana iya hana ta a saitin wayar, ta ci gaba da aiki.

Me doka ta ce, wa za a tambaya?

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi, ta haramta yaudarar mai saye a talla, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko ya saɓa da yadda aka siffanta shi. Hukumar ta taɓa nuna ƙarfinta. A watan Fabrairun 2024 ta rufe wani reshen kantin Sahad a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya bambanta da wanda ake karɓa a wurin biya. A watan Yulin shekarar ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, abin da ya nuna cewa zaman kamfani a ƙasar waje ba ya fitar da shi daga hannun dokar Najeriya. A matakin jiha kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano.

Wanda aka cuta ya fara kai kuka ga kamfanin ta cikin manhaja kafin wa'adi ya cika. Idan bai samu biyan buƙata ba, ya shigar da ƙorafi a shafin FCCPC. Hujjojinsa su ne hoton tallar, lambar oda, shaidar biya, da bidiyon buɗe ƙunshin tun yana liƙe.

Dokar ta 2018 ta haramta yaudara a dunƙule, amma ba ta ƙayyade, kamar yadda Turai ta yi da kwanaki 30, wane farashi ne ya halatta a kira na da ba. Cike wannan giɓi aikin hukumar ne da Majalisar Tarayya. Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma Sanatan Kano ta Arewa, Barau Jibrin, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ɗan Kabo ne. Matasan yankin na da waɗanda za su tambaya: ko za a tilasta wa kasuwannin intanet nuna tarihin farashi, ko za a wajabta musu buɗe wuraren karɓa da mayar da kaya a hedikwatocin ƙananan hukumomi, da kuma yadda za a daidaita yafiyar dala 300 da halin da ɗan kasuwar gida yake ciki.

Kafin a samu amsa, kariyar mai saye lambobi biyu ce da zai rubuta da hannunsa: kuɗin kayan a kasuwar da ya sani, da jimillar abin da zai kashe har ƙunshin ya shigo gidansa. Idan ta biyun ta fi ƙanƙanta, kuma dama yana buƙatar kayan, ya samu rangwame. Idan ba haka ba, ya rufe manhajar, kuɗinsa na nan a aljihunsa.